Maganin Shauki

Ƙanena Shauki ya kwana uku a tsare a ofishin 'yan sandan garinmu, ga shi mai ciwon asma. Ina tashi daga makarantar da nake koyarwa na sayo abin shaƙarsa da burodi da dafaffen wake, na bi layin masu kawo abinci. Har aka yi magariba layin bai motsa ba.

Wani saurayi ya tsaya kusa da ni. Takalmansa ba igiya, ya riƙe wandonsa da hannu ɗaya, yadda tsararru suke yi idan an karɓe musu bel. Warin ɗaki mai cunkoso yake yi, kuma sanyi na fitowa daga jikinsa.

Ya ce, "Ustaz, kada ka miƙa maganin nan a fili. Cikin durowa za su jefa shi, wai sai likita ya sa hannu. Likitan kuwa sai Alhamis, in ya ga dama. Cusa shi cikin burodin."

Na lura yana magana, amma ƙirjinsa ba ya motsi. Na ce, "Ɗana, ya aka yi ka sani?"

"Nawa kwana huɗu ya yi a durowar."

"Daga baya dai sun ba ka?"

"Mahaifiyata suka ba, tare da takardar izinin binne ni."

Saurayin ya karkata kai wajen 'yar tagar ɗakin tsararrun, kamar mai saurare.

"Yi sauri, Ustaz. A wurina suka kwantar da ƙanenka, kuma ya fara irin numfashin da na yi a darena na ƙarshe."