Jan Tiyo a Gangaren Wak

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai zan sauke masa shi!"

Rana tsaka ce, a rumfar Dada Asta da ke saman gangaren Wak, hanyar Ngaundere zuwa Garwa. Ina gefe ina facin taya, sai ga Ndinga, wani shugaban 'yan fashi, ya diro daga wata tsohuwar babbar mota riƙe da bindiga. Sojoji biyu da ke cin tuwon masara suka zube ƙasa da miya a hannu.

Kwana uku ke nan suna gadin wata tirelar soja da motarta ta lalace aka ja ta gari. Tamfol ya rufe kayan ruf. Ndinga ya rantse bindigogi ne. Ya ɗauko Tizi, ƙato mai ƙaramin tunani, da Hamadiko, wanda aka kora daga tuƙin motar soja saboda man da ke tankinsa ya cika yin ƙafa.

Hamadiko ya yi baya da motarsu, ƙugiya ta kama tirelar. Ya sauko riƙe da tiyo biyu.

"Shef, ka ba ni minti biyar. Jan nan shi ke cika tukunyar iskar tirela. Rawayan shi ke kai mata saƙo idan na taka birki. Wannan tsohuwa ce, in tukunyarta ba iska, ba ta da birki ko na sisi. Kwana uku a tsaye, ta tsiyaye tas."

"Makaranta muka zo? Kai Tizi, haɗa abin nan!"

"Shef, kowanne da bakinsa, kada ya..."

"Shiga mota, ɗan iska! Iskar da ke kanka ta ishe mu."

Tizi ya cusa ja a gurbin rawaya. Ya ƙi shiga. Ya ba shi gindin bindiga sau uku har baki ya lanƙwashe ya kama. Ɗayan ma haka.

"Ya zauna, Shef!"

Suka tashi da tirelar. Sojan farko ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Yanzu me za mu ce wa Kyaftin?"

"Mu ce su talatin ne."

"Su uku ne," in ji Dada Asta, "kuma ku ƙarasa tuwona, ba na son asara."

Ni na kira jandarmomi. Babbansu, Ajudan Mbarga, ya iso da hakin nama a haƙori. Na gaya masa yadda aka haɗa tiyon. Ya dubi gangaren, ya dubi direbansa.

"Bi su a hankali, ɗana. Kada ka ɓata mana taya."

Su Ndinga sun sha kwanar hanya ta farko lafiya. A ta biyu Hamadiko ya taka birki, ya ji tirelar ta tunkuro su daga baya kamar bijimi. Ya sake takawa. Allurar iska ta soma faɗuwa.

"Tizi! Wanne ka sa a ina?"

"Duk tiyo ne, baaba!"

"Ka kashe mu!"

"Rage gudu!" Ndinga ya daka tsawa.

"Da me? Da addu'arka?"

Ya nemi ƙaramar giya, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ƙaurin birki ya cika motar. Hagu dutse, dama rami. Ndinga ya ɗora masa bindiga a kunne.

"Ka tsayar da ita ko in fasa kanka!"

"To, Shef. Riƙe min sitiyari in jawo birkin hannu."

Ndinga ya ajiye bindiga ya kama da hannu biyu. Hamadiko ya buɗe ƙofa — fit! — ya faɗa ciyawa. Ndinga bai taɓa tuƙa ko amalanke ba.

"Hamadikooo! Munafuki!"

A kwana ta huɗu tirelar ta naɗo kan motar, suka tafi tare. Garam! Ƙarar ta kai har kasuwar Wak.

Da jandarmomi suka leƙa ramin, tamfol ya yage. Ba bindiga ko ɗaya. Kayan badujala ne za a kai Garwa bikin fareti: ƙahonni, ganguna, da faifan tagulla da ke ta gangarawa suna kiɗa su kaɗai.

Ndinga ya mutu nan take, babbar ganga a kan ƙirjinsa. Tizi ya bar ƙafa ɗaya a ramin, sauran jikinsa ya samu shekara ashirin. Hamadiko kuwa a bakin titi aka tsince shi da karyayyar kafaɗa, yana ta rantsuwa shi fasinja ne. Sojojin biyu suka nuna shi da yatsa tare, aikin kirki na farko da suka yi a makon.

An yi wa Hamadiko shari'a a kotun soja. Alƙali ya tambaye shi ko yana da abin cewa kafin hukunci.

"Ranka ya daɗe, a rubuta cewa ba ni na haɗa tiyon ba. Shekara tara ina tuƙi, kada a ɓata min suna."

Aka rubuta. Aka ba shi shekara goma sha biyar.