Wanda Ba a Ƙirga Ba

Yaran yanzu gani suke garin nan tun asali a kan tudu yake. Ba su san komai ba. Tsohon garinmu yana ƙarƙashin tafkin can. Shekarar da ruwa ya ci shi ni ne mai unguwa, ni na ƙirga mutane suna shiga kwale-kwale. Na ce mun cika, aka tuƙa.

Jiya bayan magariba ina ɗinkin koma a bakin ruwa, sai wani mutum ya zauna gefena ba sallama. Kwaɗi suka yi tsit. Rigarsa na ɗiga, ga warin laka.

"Mai unguwa, ku nawa ne yanzu a garin?"

Na ce, "Kai ba a koya maka gaisuwa ba? Mun kusa dubu."

"Ranar tashi fa?"

"Ɗari biyu da sha ɗaya."

"Da sha biyu," in ji shi, murya kamar daga cikin tulu. "Akwai mai zazzaɓi a ɗakin baya. An ce masa ya kwanta, za a kai yara a dawo a ɗauke shi."

Allura ta suɓuce daga hannuna. Shekara arba'in ke nan ina gaya wa mutane ƙanena ya riga mu tafiya birni.

Ya juyo, ruwa na zuba daga kunnuwansa.

"Ban motsa ba, Yaya, kamar yadda ka ce. Yau dai na gaji da jira."