Inda Allura Ke Maƙalewa

Yana kaɗa jitar nan na gane waƙar.

Waƙarmu ce!

Tsohuwar waƙar soyayya da iyayenmu suka taka rawa da ita, yau ga ta a bakin Tizhe, mawaƙin da duk jihar Gongola ke ji da shi, a silimar Mubi da ta cika har bakin ƙofa.

A faifan garmahon babana muka koye ta, tun Tizhe yana gyaran keke, ko takalmin kirki ba shi da shi. Faifan ya karce a tsakiya. Allura na zuwa wurin sai ta maƙale, ta yi ta nanata baiti ɗaya har sai an taɓa ta. Tizhe ya mai da abin wasa. Ya rera, ya maƙale da gangan, ba zai wuce ba sai na dafa kafaɗarsa.

"Rodata, in ba hannunki ba, a nan zan tsufa," haka yake cewa.

Ni kuwa sarkin yarda, na yarda. Da ya tafi Legas, Baba ya ce mai jita ba miji ba ne. Malam Vandi na Michika ya yi ta sintiri a gidanmu har ya gaji ya auri wata. Ina nan ina jira.

To, ga shi a kan dandamali, ya iso wurin... ya maƙale!

Ya nanata, ya sake nanatawa. Zuciyata ta ce ni yake kira. Har na miƙe ina gyara ɗankwali...

Sai wata doguwa cikin 'yan amshinsa ta tako ta dafa kafaɗar. Ta hagu, tawa. Waƙa ta wuce, silima ta kaure da tafi.

"Amaryata ke nan, Rachael!" in ji Tizhe, yana nuna wa jama'a ita.

Matar da ke kusa da ni ta ce ai haka suka yi a Yola, ba su taɓa tashi wasa ba su yi shi ba.

Na zauna a hankali. Auren bai ƙona ni kamar wasan ba.

Washegari ya zo gidanmu a unguwar Lamorde, ya tsaya a ƙofa ya cire baƙin gilashi.

"Roda, ki yi haƙuri... ki yi haƙuri... ni dai ki yi haƙuri..."

Ya kasa wuce nan. Idonsa na kan hannuna. Ba zan ɓoye ba, ina son shi har lokacin, hannun ma har ya fara miƙewa.

Na cusa shi cikin mayafi.

"To, ka tsufa a nan," na ce, na shige gida.