Inda Idon Dogo Yake Zuwa

Ranar da aka kawo matuƙan jirgin ruwa ɗakin gwaji, Injiniya ta riga ta gaji liƙis. Aikinta ta zaunar da su gaban jirgin kwaikwayo, na'ura ta bi motsin idonsu da hannunsu, sannan ta ƙera kwafin kowa a kwamfuta, a ga wanda zai iya da teku in gajiya ta yi yawa.

Daga bayan gilashi ta hango wani dogo yana hamma. Shi ma ya kama ta tana yi, suka yi dariya.

Kafin a tashi suka yi musayar lamba. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Abokiyar hamma, kin isa gida? Ni dai ƙafata ce ta iso, zuciyar tana wajenki."

"Dogona, ka kwanta. Gobe akwai gwaji."

Magana ta yi nisa har gaban manya, sai sakamako ya fito. Kwafin Dogo yana kifar da jirgi kullum, wai hankalinsa ba ya tsayawa kan aiki. Shugaban sashe, wanda ya daɗe yana yi mata shisshigi, har gida ya kai wa Babanta labari.

"Mutumin da za a sallama don sakaci? Ba zan ba shi 'yata ba," in ji Baba.

Dogo ya turo: "Ashe da hannunki kika rubuta ni sakarai."

Abin ya yi mata ciwo. Ta koma kan bayanan gwajin, ido na yaji, baya na ciwo, tana bin inda idonsa yake zuwa duk sanda ya bar allo. Wuri ɗaya ne, kusurwar hagu ta sama. Ta ɗaga kai ta duba. Gilashin da take zama a bayansa ne.

Kunya ta kama ta, ga haushi, ga daɗi. Ta nemi a sake gwajin, ta sa aka rataya labule a gilashin. Sabon kwafin Dogo ya ratsa guguwa ya kai jirgi gaɓa lafiya.

Baba ya saurari bayani, ya yi gyaran murya. "To, ke ce matsalar ke nan. A ɗaura, yaro ya samu ya yi aikinsa. Allah ya yi muku albarka."

Bayan an ɗaura aure an watse, ita da Dogo suka zube kan kujera a gajiye. Ta yi hamma, ya zuba mata ido.

"Kalla, Dogona," ta ce. "Nan babu jirgin da zai kife."