Ramin Da Mma Abiba Ta Toshe

Ku matso kusa, kuma kar wadda ta katse ni. Na samo abin da ya hana Husseina zuwa makaranta sati biyu, ba zazzaɓi ba ne kamar yadda aka gaya wa tica. Daga bakin Anti Lamisi da ke haya a gidansu na ji, ɗazun nan a wajen famfo.

Ranar wata Laraba abin ya fara. Rana ta faɗi, ba a kira sallah ba tukuna. Mma Abiba, uwar Husseina, tana zaune a tsakar gida tana tsince waken da za ta dafa na sayarwa washegari. An ɗaure awaki. Hayaƙin gawayi ya kwanta a ƙasa ya ƙi tashi. Gidan ya yi wani irin shiru da ba a saba ji ba a unguwar Maamobi, inda ko babu komai akwai rediyon wani. Sai wani abu ya faɗo cikin tiren waken.

Ta ɗauka ta juya shi a tafin hannu. Ba dutse ba ne. Ɓallin siminti ne, sabo, da sauran danshinsa.

To, sai kun san abin da ya faru bara. Gidan nan ya juya wa babban gota, magudanar ruwan unguwa, baya. A gindin katangar bayan akwai rami, faɗinsa bai wuce faranti ba, ta nan ruwan wanke-wanke yake fita. Bara da aka yi ruwan nan na kwana biyu, gota ya cika, ruwan ya juyo ta ramin ya shigo gida, baƙi ƙirin, da wari, har gwiwa. Bai ja kowa ba. Amma ya shiga randa, ya shiga tukwane. Bayan kwana huɗu Hassana, wadda aka haifa tare da Husseina, ta kwanta da amai da gudawa. A cikin tasi ta cika, a cinyar uwarta, ba su kai asibiti ba.

Shi ya sa bana, tun hadari bai fara haɗuwa ba, Mma Abiba ta tara 'yan haya a ƙarƙashin rumfa. Ta sa Husseina ta yago takarda daga littafinta ta rubuta. Mutum ashirin da uku. Awaki huɗu, kaji tara. Kowane ɗaki a ɗaga bakin ƙofarsa da bulo biyu. Randuna su hau benci. In ruwa ya haye bulo, kowa ya nufi masallacin kan tudu, a san wa zai goya wa. Abu na ƙarshe, a toshe ramin.

Mijinta Lauwali, mai gyaran jikin mota a unguwar Abossey Okai, ya ɗan sosa ƙeya.

"Abiba, wanda zai zubo daga sama fa, ta ina zai fita?"

"Da bokiti za mu kwashe, maigida. Ruwan sama bai kashe mini 'ya ba."

Ranar Talata da ya dawo aiki ya sa bulo ya shafe da siminti. Laraba jifa ta fara.

Kullum da magariba. Ba ta samun kowa, amma ba ta fashi. Ta kan kwano, ta cikin tukunya, ta gaban mai alwala. Lauwali ya hau katanga ya leƙa, babu kowa sai gota da ledojinsa. A kwana na uku aka fara jin ƙwanƙwasa daga gindin katangar, a hankali, kamar ta mai jin kunyar tada mutane. Anti Lamisi ta rantse ta ji kukan jariri a ciki. Mma Abiba ta ce kyanwa ce, ta ƙara murya a kan tasbihinta.

A kwana na biyar aka nemi Husseina aka rasa. Uwarta ta zagaya bayan ɗakin girki, sai ga ta a durƙushe gaban simintin tana ƙarta da farce. Farcenta biyu sun fita. Jini ya zana layi a jikin bulon, ita kuwa ko uhm ba ta ce ba.

"Husseina. Ke Husseina."

Yarinyar ba ta waiwayo ba. Maza uku ne suka iya ɗaga ta, 'yar shekara goma sha uku.

Daga ranar ba ci, ba sha sai an ɗura. Aka ɗaure mata hannuwa da ɗankwali, ta kwance da haƙori. Aka yi turaren habbatussauda, aka sha rubutu, aka kai ta kilinik suka ce jikinta babu zafi. Mma Abiba ta daina kai abinci bakin titi. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallon ƙashin wuyan 'yarta yana fitowa, irin fitowar da ta taɓa gani sau ɗaya. Rediyo kuma sai faɗi yake babban ruwa na tafe.

Ranar Juma'a bayan la'asar Lauwali ya zo da Malam Braimah daga unguwar Lagos Town, wani tsoho siriri da ba ya ɗaga murya. Gabas ta riga ta yi baƙi. Ya sa aka shimfiɗa yarinyar a tabarma a tsakar gida, ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Iska ta tsaya cak. Can sai Husseina ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

Muryar tsohuwa ce, a shaƙe, a gajiye.

"Wace ce ke, me kika zo nema a jikin 'yar mutane?"

"Ni na zo? Ku kuka zo. Muna nan tun wurin nan rafi ne da ciyawa. Mu bakwai ne a ƙarƙashin dutsen wankin can." Ta juya idon Husseina kan Mma Abiba. "Na ji yarinyar nan tana karanta takardarku. Kun ƙirga awaki. Kun ƙirga kaji. Sannan kuka rufe mana hanya."

"Irinku bango yana tare su?" in ji Malam.

"Uban yarinyar ya ambaci sunan Allah a kan bulon. Abin da aka rufe da sunan nan ba ma iya taɓawa. Na yi jifa, na ƙwanƙwasa, ba wanda ya tambaya. Sai na ari hannu."

"Ki sake ta."

"A buɗe ramin. Kun ɗaga ƙofofinku, tsakar gidan ta zama kwano, mu ne a gindinsa. In ruwan yau ya ci nawa, da taki zan tafi."

Kowa ya juyo yana kallon Mma Abiba. Lauwali ya riga ya ɗauko guduma, amma bai motsa ba. Ta tashi ta je ta tsaya a gaban katangar, ta ba ta baya.

"Ta nan aka ɗauke mini ɗaya," ta ce.

"Na sani. Ina nan ranar da kika wanke tabarmarta a kan dutsena."

Ɗigon farko ya faɗo kan kwano. Mma Abiba ta dubi ramin, ta dubi yatsun 'yarta. In ta buɗe, baƙin ruwa ya shigo. In ta bari, babu Husseina. Ta rasa inda za ta sa idonta, sai ya sauka kan tukunyar da Anti Lamisi ta manta a murhu. Tururi yana ɗaga murfin, murfin yana komawa da kansa ya zauna. Ya ɗaga, ya koma.

"Baiwar Allah," ta ce a hankali, "fita kike so ko shiga?"

"Fita."

"Maigida, ka yi mata murfi. Ka rataye shi ta waje, daga sama. In an tura daga ciki ya buɗe. In gota ya turo, ya rufe kansa."

Tsohuwar ta ce, "Dawowa fa? Ku mutane kuna da mantuwa."

"In ruwa ya janye, ni da hannuna zan ɗaga muku. Malam shaida ne."

"Kuma kar a ambaci sunan nan."

"Za a ambata," in ji Malam Braimah. "Amma da niyyar hanya, ba da niyyar kulle ba. Ke kuma ki yi alkawarin ke da 'ya'yan gidan nan har abada."

"Na yi."

Mma Abiba ce ta karɓi gudumar. Sau huɗu ta buga, tana kuka, kafin simintin ya tsage. Lauwali ya haura katanga da guntun ƙofar motar haya, trotro, da ya ajiye a ƙarƙashin gado, ya yanko robar taya ya kafe ta da ƙusa a madadin hinjin ƙofa, ruwa na dukan bayansa. Yana cire hannu, Husseina ta yi atishawa sau uku ta zube. Murfin ya ɗaga ya koma, ƙwal. Babu iska, ruwa bai ma taru ba. Ƙwal. Anti Lamisi ta ƙirga, sau bakwai.

"Mma," in ji Husseina, da muryarta ta gaske, "yatsuna na zafi."

Ruwan kuwa ya zo yadda rediyo ya faɗa. Da farko na tsakar gida ya yi ta fita. Da gota ya cika, murfin ya manne, suka koma bokiti, maza da mata. Bulo ɗaya ruwan ya haye, bai kai na biyu ba, kuma fari ne.

Da safe suka sake zama ƙarƙashin rumfa da takardar nan. Bulo ya yi. Benci ɗaya ya karye da randa, a sake shi. Robar tana yoyo ta gefen hagu, Lauwali zai ninka ta. Husseina ba ta iya riƙe biro, sai uwarta ta miƙa wa Anti Lamisi.

"A ƙasan kaji ki sa bakwai."

"Bakwai na me zan rubuta?"

"Ke dai sa bakwai."

Sannan ta zagaya bayan gida ita kaɗai, ta taka laka, ta durƙusa a bakin gota ta ɗaga murfin. Wani sanyi ya gifta ta wuyan hannunta. Ɗaya. Biyu. Har shida. Sai shiru.

Ta jira. Ƙarfen yana cin yatsunta, ana ta kiranta daga ciki wake zai ƙone. Ba ta saki ba. Leɓenta yana motsi, ba ta san ma wa take yi wa addu'ar ba. Can da daɗewa sai ga shi, ɗan ƙarami, a hankali, kamar numfashin yaro mai barci.

"Sarkin nawa," ta ce. Haka take ce wa Hassana in an aike su ta yi jinkiri a hanya.

Litinin Husseina za ta dawo. Wadda duk ta kalli yatsunta, ni da ita ne.