Hannun da Ya Fito a Bango

Wata yarinya ce 'yar aji shida a birnin Amman. Gidansu shi ne na can sama a kan tudu. Ranar Laraba kaɗai ake sako wa unguwarsu ruwa.

Wata Laraba, Baba zai kai Mama asibiti a garin Zarƙa. Abin da ke tsayar da ruwan tankinsu na saman rufi ya lalace. Dole a saita agogon injin da ke tura ruwa sama, ya kashe kansa in tankin ya cika.

Baba yana sauri. Ya gaya mata tankin yana cin ma'auni biyu da rabi, kuma akwai sauran kwata a ciki. Injin yana zuba kwata uku a awa guda. Ya rubuta mata:

¾x + ¼ = 2½

"Ai an koya muku wannan. Awa nawa zan sa?"

An koya musu, amma ba ta gane ba. Kunya ta hana ta tambayar Malama Rudaina a aji. Yanzu ma kunyar ce ta kama ta. Ta ɗan yi zane-zane, ta ce, "Biyar, Baba."

Ya saita, suka tafi. Aka bar ta da Kaka.

Bayan la'asar gari ya yi duhu, iska mai sanyi ta taso. Gidan ya yi tsit. Can sai ta ji tas, tas, tas a saman kanta, kamar ana takawa ba takalmi.

Kaka ta ajiye kofin shayinta. "Ke, wa kika bari ya hau sama?"

"Ba kowa, Kaka. Ƙofar a kulle take."

Takun bai tsaya ba. Fitilar falo ta yi ƙifta-ƙifta, ta mutu. Yarinyar ta ɗaga kai. Wani baƙin abu yana fitowa a jikin bango. Ya yi tafin hannu, ya yi yatsu. Yatsun suna tsawo a hankali, suna gangarowa wajen hoton marigayi Kakanta.

Ta ƙanƙame Kaka. Kaka ta hau addu'a ƙasa-ƙasa. Wani abu mai sanyi ya taɓa wuyan yarinyar. Ta kasa ko ihu.

Sai aka buga ƙofa da ƙarfi. Maƙwabciyarsu ce, Ummu Nidal, zanenta a jiƙe.

"Ku kashe injinku! Ruwan da muke jira mako guda kuke wanke titi da shi?"

Ashe tankin ne ya cika yana ambaliya. Ɗigarsa ce takun da suka ji, kuma ruwan ne ya ratsa rufi, ya kashe fitila, ya zana hannun.

Da Baba ya dawo, ta faɗa masa gaskiya tana kuka. Ta ce kintace kawai ta yi. Ya ja kujera. Ya ce ta mai da biyu da rabi biyar bisa biyu, ta ninka komai da huɗu.

Ta rubuta 3x + 1 = 10. Ta cire ɗaya, ta raba da uku.

"Uku ne, Baba."

"Uku ne. Da kin ce mini ba ki sani ba, da tare muka yi tun kafin mu tafi."

Ranar Juma'a suka goge bangon tare, Kaka tana tsokanarta wai aljanin lissafi ne ya biyo ta gida. Ita ma ta yi dariya.

Daga ranar, in ba ta gane abu ba, sai ta ɗaga hannu ta tambaya. Ta koyi cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Yin kamar ka sani shi ke jawo ɓarna.