Harsashin da Ya Rage a Maƙogwaro

Bayan la'asar Hajiya Dalila ta ji ƙarar. Tana kan kantar shagonsu tana ɗaure wa wata 'yar Ghana manja, sai ta ɗauka tayar mota ce ta fashe a titin Gate City Boulevard. Sai da ta sallami matar ta leƙa ɗakin baya, ta tarar da mijinta, Alhaji Soumaïla, kwance tsakanin buhunan shinkafa, jini ya jiƙe masa riga. Bindigarsa na yashe a gefe, durowar teburinsa a buɗe. An danna masa tawul a ciki, amma wanda ya danna ba ya wurin. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

'Yan sanda suka garƙame shagon gaba da baya, ba shiga ba fita. Mutum uku aka rufe a ciki: Hajiya, da Kader ƙanen mamacin, da Tassiou mai yankan nama. Aka kira jami'in bincike Uwaisu, haifaffen Kano, don shi ke jin Hausa. Ko da ya iso, an riga an sa wa Tassiou ankwa an zaunar da shi kan kujerar roba a bakin ɗakin sanyi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk Bahaushen Greensboro ya san Tassiou da zancen bindiga. Ranar Juma'a in an fito masallaci aka tsaya musun ko a hana sayar da bindigogi ko a bari, shi ne mai gyara wa kowa magana. Wani ya ce bindigar da ake nunawa a labarai feshi take da dannawa ɗaya, Tassiou ya ce a'a, kowane harbi da dannawarsa. Mutane sun gaji da shi ƙwarai. Yanzu ga gawa ga bindiga, wa za a kalla in ba shi ba?

Uwaisu ya fara da ɗakin baya. Ba taga, fitila ɗaya, warin nama da jini ya cika shi. Mai ɗaukar shaida ta nuna masa abin da ta samu: kwanson harsashi guda, bindiga ba gidan harsashi a jikinta, maƙogwaronta kuma, inda harsashi ke zama kafin harbi, wayam. A cikin durowa akwai fasfon Nijar a ɗaure da roba, sunan Kader a ciki. Uwaisu ya daɗe yana kallon tawul ɗin nan.

Ya zauna gaban Tassiou.

"Ina kake lokacin harbin?"

"Ɗakin sanyi, ranka ya daɗe. Injin yankan ƙashi na aiki, ban ji komai ba."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa. Ina jiran alƙali ya yanke hukunci kan neman mafakata a ƙasar nan ne. Ko tuhuma aka rubuta mini, shari'ata ta lalace. Can ba ni da wurin komawa, nan kuma matata da 'yata ba su da kowa sai ni."

"Kana da bindiga?"

"Tana gida a kulle. Mai ganga ce, irin mai juyawa."

"Ta Alhaji fa?"

"Satin da aka yi fashi a shagon maƙwabta na gan shi ya ja bayanta, harsashi ya hau maƙogwaro. Na ce Alhaji, daga yau a ɗane take. Ya ce in je in yanka namana."

Hajiya Dalila na zaune bayan kanta, ta rungume jakarta kamar jariri. 'Yar Ghanan ta riga ta shaida cewa suna tare aka yi harbin, don haka Uwaisu bai matsa mata ba. Gidan harsashin kawai ya tambaya. Ta buɗe jakar, ga shi cikin ɗankwali, cike.

"Kullum da safe in ya shiga alwala nake cirewa," in ji ta. "In za mu tashi in mayar. Na tsani abin nan, ɗana. Na ce in dai na cire, ba wanda za ta kashe."

"Wa kika gaya wa?"

"Ko shi Alhaji bai sani ba."

Kader ya rage. Uwaisu ya shigar da shi wani lungu tsakanin tarin buhuna, ya karanta masa haƙƙinsa da Turanci da Hausa. Kader ya ce ba ya son lauya. Hannayen rigarsa jiƙe suke har gwiwar hannu.

"Ina kake?"

"Waje, ina sauke kaya daga mota."

"Rigarka a jiƙe."

"Alwala na yi."

"Ba tare kuka yi la'asar da Alhaji ba?"

"To, sabuntawa na yi."

"Wa kake zargi?"

"Tassiou mana. Bindigar Yaya ai fanko ce, Hajiya na cire chargeur ɗin, gidan harsashin, kowace safiya. Sai dai in shi ya zo da na tashi bindigar ya sa, ya harba, ya zare."

"Hajiya ta ce ba ta gaya wa kowa ba."

"Ganinta na yi. Ni ina nake zuwa? Nan nake wuni, nan sama nake kwana."

Uwaisu ya ji tausayi ya kama shi, kuma bai so jin hakan ba, don aikinsa bai ƙare ba.

"Saurara, Kader. Bindigar Tassiou ba ta da gidan harsashi sam, ganga gare ta. Ba abin da zai ciro daga tasa ya sa a ta Alhaji. Wanda ya yi niyyar kisa kuma ba ya durƙusawa ya danna wa mutum tawul. Wanda ya yi harbin nan bai san za ta tashi ba. Ya ɗauka fanko ce. Mutum biyu ne a shagon nan suka ɗauka haka, ɗayarsu tana kan kanta."

"Amma fanko ce! Da idona na ga ta cire."

Uwaisu ya zaro tasa bindigar, ya juya bakinta kan buhun shinkafa. Ya cire gidan harsashin ya ajiye kan kwali.

"Yanzu akwai wani abu a ciki?"

"Babu."

Uwaisu ya ja bayan bindigar. Harsashi ɗaya ya yi tsalle, ya faɗi kan siminti, ya gangara har ya tsaya jikin takalmin Kader.

Kader ya zura masa ido. Ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Fasfona nake so," ya ce a hankali. "Tun da ya kawo ni ƙasar nan yake riƙe da shi. Mahaifiyarmu na kwance a Maradi, na ce ya ba ni in je in gan ta, ya ce wa zai sauke masa kaya. Na ɗauka ne in tsorata shi. Ya yi dariya, ya ce in harba in na isa. Na danna don ya ji ƙas, ya san ba wasa nake ba. Wallahi ƙas ɗin kawai nake so ya ji."

Uwaisu da kansa ya kwance wa Tassiou ankwa.

"Ba a rubuta maka komai ba. Sunanka na cikin shaidu. Je ka gida."

Tassiou ya murza wuyan hannunsa, bai tashi nan take ba. Aka fito da Kader ta gabansu, ankwar da aka cire wa Tassiou tana hannunsa. Hajiya Dalila ta bi shi da ido, sannan ta juyo ga Tassiou, jakar da 'yan sanda suka cire gidan harsashin daga ciki har yanzu a ƙirjinta.

"Tassiou, in an cire abin nan, wai akwai wanda ke raguwa?"

Mutumin da bai taɓa barin kuskuren kowa ya wuce a ƙofar masallaci ba ya buɗe baki, ya dube ta, ya rufe. Ya cire rigar aikinsa ya rataye, ɗan sanda ya buɗe masa ƙofa, ya fita yana kiran matarsa a waya.